Ranar da Gas Ya Ƙare Wa Hajiya Tabawa

Akwai wani malamin makaranta a Malumfashi, Malam Ilu, wanda ya shekara talatin da biyu yana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Da ya yi ritaya aka karɓe masa aji, amma ba a karɓe masa darasi ba. Sai ya dawo da shi gida, matarsa Hajiya Tabawa ta zama ɗaliba ɗaya tilo. In ta ce hadari ya haɗo, sai ta ji yadda tururi ke tashi daga teku. In ta ce tumatir ya yi tsada, sai an kai ta har madatsar ruwa an dawo da ita. Ta saba. Takan ce "haka ne, Malam," ta ci gaba da abin da ke gabanta.

Ranar wata Asabar dangin saurayin 'yarsu Rumasa'u za su kawo lefe daga Funtuwa. Tun ranar Laraba Hajiya ta ce a kai tukunyar gas a cika. Malam ya ɗaga tukunyar, ya jijjiga ta, ya kara kunne, ya ce a lissafinsa za ta kai sati biyu. Kurfotin gawayin da take ajiyewa saboda irin wannan rana kuwa tun bara ya kyautar da shi, wai hayaƙi na ɓata sararin samaniya.

Baƙi suka iso bayan azahar, mata goma sha ɗaya da akwatuna shida. Jagorarsu gwaggon ango ce, wata doguwar dattijuwa da aka ce ba ta mantuwa. Shekara ashirin da suka wuce an ba ta lami a wani gidan biki, har yau in an ambaci gidan sai ta faɗa.

Ana cikin buɗe akwati na biyu Hajiya ta leƙa kicin. Wutar da ta bari shuɗiya ta zama ja, ta yi 'yar rawa, ta mutu. Ta buɗe babbar tukunya: shinkafa mudu huɗu, sama ta jiƙa, ciki tsakuwa. Ta tura ƙanwarta da gudu wurin mai sayar da gas. Ƙanwar ta dawo da tukunyar gas ɗin yadda ta tafi da ita, wai motarsu ba ta zo ba tun shekaranjiya. Daga falo Hajiya tana jiyo muryar gwaggon ango tana cewa ai su ko karin kumallon kirki ba su yi ba, saboda sun san gidan da za su zo.

Ta sake tura ƙanwar maƙwabta neman kurfoti, sannan ta aika aka kira Malam daga zaure.

Ya shigo, ya dubi murhun, ya ƙwanƙwasa tukunyar gas da ɗan yatsa. Ta yi ƙara irin ta abin da babu komai a cikinsa. Ya gyara zaman hularsa.

"Hajiya, kin ga abin da nake gaya wa yara ke nan. Gas da fetur ba kamar rijiya ba ne, da za ki ɗiba yau gobe ta kawo. In ya ƙare, ya ƙare."

"Na gani, Malam. Shinkafar ce ba ta nuna ba."

"Ƙananan halittu ne fa suka mutu a ƙarƙashin teku, laka ta binne su, zafi da nauyi suka yi ta aiki a kansu. Abin da kika ƙona a wata guda, ƙasa ta yi miliyoyin shekaru tana dafa shi."

"Su waɗannan da la'asar za su koma Funtuwa."

Malam bai ji ba, ya riga ya ɗaga yatsa. Ya ce abin da ya same ta yau shi zai sami duniya baki ɗaya, wata rana za a wayi gari motoci na tsaye, jirage na ƙasa, kowa na kallon tukunyarsa. Ya ce ya kamata ta gode wa Allah da ta ga misali da idonta, don ɗalibai da yawa sun gama makaranta ba su samu wannan dama ba.

Hajiya ta ɗauki murfin tukunya ta rufe a hankali. Hakan kuwa bai yi wa Malam daɗi ba.

"Matsalarki ke nan, Hajiya, ba ki ɗauki ilimi a bakin komai ba. Shi kuwa ilimi makamashi ne da ya fi gas, ya fi fetur. Duk yadda aka ɗibe shi ba ya ƙarewa."

Ta matsa gefe, ta nuna masa gindin murhu da ludayi.

"To Malam, tunda naka ba ya ƙarewa, tsuguna ƙarƙashin tukunyar ka ci gaba da bayani. In ta tafasa ka kira ni."