Jatau da Masu Cin Abinci a Gona

A ƙauyenmu akwai Jatau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake yi, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai tsohuwarsa Inna Kande, sai 'yar gonar wake da kabewa da ke ciyar da su. Ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, kullum tunaninta wa zai riƙe wannan bawan Allah in ta rasu.

Wata rana ta ce ya kori duk abin da ya sauka a gona. Ruwan sama ya sauko, Jatau ya tsaya yana kaɗa riga yana korarsa. Ya dawo sharkaf, ya ba ta haƙuri, wai ruwan ya fi ƙarfinsa.

Wata rana ta yi masa bayani: akwai ƙananan ƙudan zuma baƙaƙe, sun yi ƙaranci yanzu, abinci kawai suke ci a fure. Mugun shi ne malam-buɗe-littafi mai ruwan toka, wanda ke zuba ƙwai tsutsa ta huda wake. Ta ce ya bi su ya gane. Jatau ya bi ƙuda ɗaya har raminsa a tsohon kututture, ya wuni a can, awaki suka shiga gonar suka cinye kunyar wake guda. Inna ta yi kuka, ni ma da na ji abin ya taɓa ni.

Wata rana tsutsa ta yi yawa, kowa ya fita feshi da safe. Inna ta ba shi magani, ta gargaɗe shi kada ya fesa inda ake cin abinci, tana nufin gindin bishiyar da manoma ke zama su ci abinci. Jatau ya tarar da ƙudan zuma cikin furanni, ya zauna jira. Mutane suka yi ta dariya. Sai da yamma, da ƙudan suka koma gida masu ruwan toka suka fito, ya fesa, wai su ba ci ya kawo su ba.

Kullum haka ya yi. Furen kabewar maƙwabta ya zube ba 'ya'ya, don feshin safe ya kashe ƙudan zuman da ke sa fure ya yi 'ya'ya. Ta Jatau kuwa ta yi 'ya'ya jibgi.

Ya dafa wa Inna, ta ci tana hawaye. Ta ce, "Yanzu ko an zo kirana, hankalina a kwance."

Jatau ya koma bakin ƙofa ya zauna. Ya ce, "In sun zo, Inna, zan ce kina cin abinci, su jira."