Kyaftin Sallau da Ungulayen Kwata

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Sallau, wanda ba ya amsa gaisuwa sai an ce masa Kyaftin. Ya taɓa aiki a filin jirgin sama, wannan gaskiya ne. A sashen auna kaya. Amma in ya zauna a teburin Barau mai shayi, labarin tuƙin jirgi yake bayarwa, har gajimare yake ba wa hanya.

Da Barau ya gaji, ya ce, “Kyaftin, mu dai ko kwaɗo ba mu taɓa ganin ka tayar ba. Ka tuƙa wani abu mu gani, ko mu koma kiranka Sallau Sikeli.”

Sai Sallau ya sayo jirgin wasa, irin mara inji, mai dogayen fukafukai. Ana ɗaure doguwar roba a turke, a ja jirgin baya, a sake shi, sannan a sarrafa shi da rimot. Ya gayyaci unguwa zuwa filin bayan kwata ranar Asabar. Ya zo cikin babbar riga, sitati har ƙara take.

“Ku matsa,” in ji shi. “Wannan ba aikin ’yan kallo ba ne.”

Ya ja roba. Ya ƙara ja. Hannun riga ya zamo ya naɗe masa ƙafa. Fyau! Jirgi ya yi sama. Tim! Kyaftin ya yi ƙasa.

Ya miƙe, ya kakkaɓe, ya ce, “Haka ake yi. Matuƙi yakan kwanta don rage iska.”

Abin mamaki, jirgin ya tashi lafiya lau. Ya shiga cikin ungulayen da ke shawagi a saman kwata, ya kama zagaye da su. Sallau ya riƙe rimot, yana murza ’yan sanduna, yana cije leɓe. In jirgi ya karkata dama, sai ya ce, “Dama!” In ya yi hagu, ya ce, “Kun gani? Hagu.”

Barau ya cire hula. “Wallahi na yarda. Kyaftin, sauko da shi mu taɓa.”

“Ba yanzu ba. Ina gwada masa numfashi.”

Ana cikin haka sai ga matarsa, Hajiya Tabawa, za ta gidan suna. Ta ratsa taro a natse, ta kwance bakin mayafi.

“Malam, ga baturanka. Jiya na cire daga wannan akwatin naka na sa a rediyo, saboda sanarwar rasuwa. Na manta ban mayar ba.”

Ta zuba masa su a aljihu, ta yi wa jama’a sannu, ta wuce.

Yatsun Sallau na kan sanduna, ba su daina motsi ba. Barau ya karɓi rimot, ya juya bayansa, ya buɗe. Wayam.

“To, Kyaftin, wa ke tuƙa shi?”

Kowa ya ɗaga kai. Wata babbar ungulu ta miƙe ta yi gabas. Sauran suka bi ta. Jirgi ma ya bi layi, har ya zama ɗigo.

Barau ya mayar da hularsa. “Ashe direba na sama,” ya ce. “Sannu da aiki, Kwandasta.”

Har yau sunan bai sauka ba. Jirgin ma haka.