Ranar da Na Kai Kankaren Injiniya Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da Jumma'ar nan ba, kuma bari in faɗi ƙorafina tun kafin in fara tona wa kaina asiri: duk wanda ya fara ajiye abu mai muhimmanci a cikin rabin duro mai tsatsa, cike da koren ruwa, babu murfi babu rubutu, bai kyauta wa jama'a ba. Na yi laifi, na yarda. Amma ba ni kaɗai ba ce.

Sana'ata kwashe sharar gini. In an rushe tsohon gida ko ana ɗora sabon bene, ni ake kira in zo da tifa da leburori mu share wuri. Ba zubarwa kawai muke yi ba, kowane abu da inda yake tafiya. Ɓaraguzai mu kai wa masu neman ciko a lungunan da ruwan sama ya zaizaye. Guntayen rodi da ƙusoshi na 'yan gwangwan ne. Katakon da aka ɓalle bayan an zuba dakin, wato rufin kankare na bene, masu gidan burodi har rububinsa suke yi. Shekaru na yi ina wannan aiki a garin Bauchi, kuma na sha jin "mace da tifa?" har maganar ta daina yi mini zafi. Wanda ya faɗa mini ɗaya, uku nake mayar masa. (Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce duk inda za ni, bakina ne ke fara isa, ƙafata ta biyo baya.)

Karatu ne ban samu da wuri ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu. A lokacin da abin nan ya faru ina tsakiyar zumuɗin sabon karatu. Babu allon shagon da zan wuce ban karanta ba, da ƙarfi kuma, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. A satin nan ne Malama ta koya mana duba kwanan watan da ake bugawa a jikin magani da gwangwanin madara. Ta ce duk wanda kwanansa ya wuce, a jefar. Na koma gida na zubar da rabin kwandon magungunana ina jin kaina kamar likita. Ku riƙe wannan a ranku, zai dawo.

Sai ga aiki mafi girma da na taɓa samu. Wani Alhaji yana gina rukunin shaguna a Gwallaga, bene mai hawa biyu, an riga an zuba dakin na farko. Shi Alhajin so ya yi ya ba wani kamfani mai motoci da yawa aikin sharar. Injiniyan da ke kula da ginin ne ya tsaya mini. Injiniya Emeka, mutumin kudu ne da ya daɗe a Bauchi, Hausa a bakinsa sarai, sai dai kowa "kai" ne a wurinsa, mace ko namiji. A gabana ya ce wa Alhaji, "Wannan Hajiya, in ya share wuri, za ka iya shimfiɗa tabarma ka yi salla." Alhaji ya ce to, za a gani, in na yi da kyau akwai wasu gine-ginensa biyu da ke tafe.

Ranar Alhamis muka shiga da sassafe. Na rantse ko tsinke ba zan bari ba. Muka tattara bulon da ya fashe, muka ware rodi gefe guda, katako gefe guda. Wajen azahar na zagaya bayan ɗakin ajiyar siminti, sai na ci karo da duron nan. Ruwa ya yi kore, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil. Na sa hannu na laluba, sai na ciro wani dunƙulen kankare, sumul-sumul, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya, bai wuce taƙi guda ba. Shida ne a ciki. A saman kowanne an zana lambobi da ƙusa.

Lambobi! Nan da nan na goge da gefen mayafina na karanta. Kwanan wata ne, kuma ya wuce da sati uku har da kwanaki.

Dattijon da ke gadin wurin ya taso daga bencinsa yana jan ƙafa. "Hajiya, waɗannan fa na Injiniya ne. Ya ce kada a..."

"Baba, ka iya karatu?"

"A'a, Hajiya."

"To ni na iya. Ga kwanan wata nan ɓaro-ɓaro, ya wuce tuntuni. Sun lalace. Kana zaune kana gadin gidan sauro, shi ya sa kullum kake fama da zazzaɓi."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ɗaga masa hannu. Ya koma bencinsa. Direbana Malam Ɗanlami, wanda ya fi kowa sanin halina, ya leƙo ta tagar tifa ya ce, "Hajiya, shi siminti ma lalacewa yake yi kamar madara?"

Na ce, "Kai dai tuƙi aka ɗauke ka."

Na sa aka tuntsurar da ruwan, aka ɗora kankaren nan shida a mota. To da na jefa su cikin ɓaraguzai da labarin ya ƙare da kuka. Abin da ya hana ni, kyansu. Washegari ana ɗaurin auren 'yar maƙwabciyata, kuma tun sati guda mata ke cigiyar duwatsun murhu. Na ce ga su Allah ya kawo, shida cif, uku-uku, murhu biyu. Da yamma na sa aka sauke su a tsakar gidan bikin, a gaban Gwaggo Asabe, tsohuwar da ke girkin duk wani biki na unguwarmu.

"Gwaggo, ga gudummawata. Murhun zamani. Kin huta da karkatattun duwatsun nan naki."

Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "To, an gode." Ni kuwa na tsaya na yi wa matan wurin bayani a kan kwanan wata, har da nuna musu da yatsa.

Jumma'a da hantsi muna hanyar Zungur muna juye ciko a wani rami, wayata ta yi ƙara.

"Hajiya, kai ne ka kwashe abin da ke cikin duro?"

"Ni ce, Injiniya. Ba sai ka gode ba, aikina ne."

Sai ya fara bayani a hankali, irin muryar mutumin da ke danne ihu. Ashe duk ranar da aka zuba dakin, sai a ɗebi kaɗan daga kankaren da aka kwaɓa a zuba a ɗan akwati, a rubuta ranar a kai, a jiƙa a ruwa har sati huɗu. Daga nan a kai ɗakin gwaji can Gubi, wani inji ya danna shi har ya fashe, a ga iya ƙarfinsa. Da wannan sakamakon ne masu duba gini za su sa hannu a ɗora hawa na biyu. In babu, aiki ya tsaya, sai an zo an huda dakin ɗin kansa. Kwanan watan da na karanta ba ranar lalacewa ba ce. Ranar haihuwarsu ce.

"Litinin za a kai su," in ji shi. "Alhaji kuma zai zo bayan masallaci. Ni ne na kawo ka, Hajiya. In babu su, ni da kai duka mun tafi. Suna ina? Kada su fashe, kada su bushe a rana."

Na ce, "Wuta fa?"

"Wane wuta?"

Na faɗa masa sunan lungunmu na kashe waya, na ce wa Malam Ɗanlami ya juya mota. Allah ya saka masa da alheri, har muka shigo gari bai yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Tuƙi dai aka ɗauke ni."

Tifa ba ta shiga lungunmu. A bakin titi na diro, daidai lokacin da ɗan acaɓa ke sauke Injiniya. Na ce ya jira a ƙofar gida. Na tattare zani na kwasa da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Tun daga zaure na hango hayaƙi. Na faɗa tsakar gida ina ihu, "Kada a hura wuta! Kada a hura!"

Wuta kuwa an hura ta tun da safe. Gida cike da mata, dangin ango ma sun fara isowa cikin anko. Ga tukwane biyu manya a kan murhu, shinkafa na tafasa. Idona ya rufe. Na sunkuci bahon ruwan wanke-wanke na sheƙa shi a gindin tukunyar farko.

Fuuu! Toka da tururi suka tashi suka rufe ni tun daga ɗankwali har ƙafa. Wata ta yi salati. Wani jariri ya tsala kuka. Na durƙusa ina tari, ina tona jiƙaƙƙen gawayi da itace, ina neman lambobi.

Babu lambobi. Baƙaƙen duwatsu ne, karkatattu, na Gwaggo Asabe na kullum.

Na ɗago kai, fuskata fari fat da toka, ruwan wanke-wanke na bin gwiwata, ga wani guntun albasa manne a hannuna. Gwaggo na tsaye a kaina da muciya.

"Ke 'yar nan, aljanu gare ki?"

"Gwaggo... gudummawata. Ina kika kai su?"

"Au, murhun zamani?" Ta juya ga matan don kowa ya ji. "Ni ban shiga aji ba. Amma tun kafin a yaye ki nake girkin biki. Siminti in ya ji wuta fashewa yake yi, ya watso wa mutum a ido. Da kika kawo na ga bakinki ya yi nisa, na ce bari in ƙyale ki. Ga su can."

Ta nuna da muciya. Can gindin famfo, inda ake wanke kwanoni, an jera biyar an ɗora bahuna a kai don kada 'yan wanke-wanke su yi ta sunkuyo. Famfon yana ɗiga tun jiya, sun jiƙe sharaf. Na shidan kuwa, wata ƙanwar uban ango ce zaune a kai tana yanka kabeji.

Ban san sanda na zauna daɓas a cikin tokar ba. Alhamdu lillahi na yi ta maimaitawa, hawaye na wanke mini hanya biyu a kumatu. A nan ne dariya ta ɓarke. Wallahi har da masu riƙe ciki. Uwar amarya ta buɗe tukunya ta ga murfi ya tare toka, shinkafa lafiya lau, sannan ita ma ta shiga cikinsu. Sai da na je na durƙusa gaban baƙuwar nan na ce, "Hajiya, don Allah a ɗan tashi, kina zaune a kan benen mutane."

Ɗaya bayan ɗaya na fito da su a ka, nauyi kamar me, sawu shida, ba wadda ta taya ni. Duk fitowa sai an rangaɗa mini guɗa. Wata tana cewa, "Malama, duba mana kwanan watan tukunyar nan, ko ita ma ta lalace!" A ƙofar gida Injiniya ya bi su da hannu ɗaya-ɗaya, ya duba kusurwoyi, ya ga babu wanda ya ɓantare. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai a lokacin ya dubi fuskata da kyau, ya yi saurin juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Kafin a sauko daga masallaci suna cikin duronsu, cikin sabon ruwa. Alhaji ya zo ya zagaya, ya ce wuri ya yi fes. Injiniya bai tona mini asiri ba, Baba maigadi ma haka. (Litinin aka kai su Gubi, sakamako ya yi kyau. Wato duk gudun nan da tokar nan, na cece su ne don a je a murƙushe su. Gine-ginen Alhaji biyun kuma ni na share su. A unguwa dai har yau "Murhun Zamani" ake kirana.)

Abin da na gano shi ne, iya karanta abu daban, sanin abin da ake nufi da shi daban. Na farkon Malama ta koya mini a aji. Na biyun yana wurin mutanen da nake ɗaga wa hannu in ce su yi shiru.

Asabar da safe na biya kasuwa na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti da buroshi, na samo wani falle na kwano da zai yi murfi. Na isa Gwallaga kafin magina. Na fara zuwa bencin Baba, na rusuna na gaishe shi, na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai. Sannan na tsuguna gaban duron, na rubuta da manyan baƙaƙe, a karkace amma ana ganewa.

Baba ya taso ya tsaya a bayana. "Me kika rubuta, Hajiya?"

Na karanta masa: "Na Injiniya ne. Kada a taɓa."

"Ai abin da na faɗa miki ke nan ran Alhamis."

"Na sani, Baba," na ce ina rufe gwangwanin fentin. "Wannan saboda masu karatu na rubuta. Mu ne ba ma ji da kunne."