Wayar Yaya Rumasa'u da Hannun Anti Saude

Ku yi haƙuri da rubutun nan, ni ban iya tsara labari ba, kuma a bayan ƙyauren kicin nake yi don kada a gan ni. Amma wallahi tun jiya dariyar nan ke cina, in ban faɗa wa wani ba ciwon ciki zai kama ni.

Yayata Rumasa'u ba ta gani tun tana ƙarama, amma a waya ta fi mu duka sauri. Akwai wata murya a cikin wayar da ke karanta mata komai. In ka ɗora yatsa sau ɗaya, faɗa maka sunan abin kawai za ta yi, ba za ta buɗe ba. In ka shafa dama, ta wuce na gaba. Sai ka ɗan buga sau biyu da sauri sannan abu ya buɗe. Kuma Yaya kan kashe hasken fuskar wayar gaba ɗaya, tunda ba ta da buƙatarsa. Muryar ta Baturiya ce, in ta zo kan sunan Hausa sai ta murɗe shi kamar mai tauna ƙashi.

To, akwai wanda ke neman Yaya, kuma ta ce ba wanda zai ji sunansa sai manyansa sun zo gidanmu. Mu duka mun haƙura, ban da Anti Saude, 'yar Goggonmu, abokiyar wasan Yaya. Ita in ta ji abu da hantsi, kafin azahar har masu sayar da ruwa sun sani.

Jiya ta zo, Yaya ta ajiye wayar a kan kujera ta fita alwala. Kafin in ƙifta ido Anti Saude ta sure ta.

"Anti, ta ce kada a taɓa mata," na ce, murya can ƙasa.

"Ke rufe min baki. Ganina za ta yi?"

Ta duba fuskar wayar, baƙi ƙirin. Ta dangwala yatsa. Sai Baturiya ta kwaɗa da ƙarfi, "Agogo!" da Turanci. Anti ta zabura har ɗankwalinta ya zame. Ta sake dangwalawa, ta ce mata kamara. Ta shafa, ta ce mata wani abin. Duk inda ta taɓa sai an sanar, kamar kwandasta na kiran tasha.

"Ke, ya ake kashe bakin shegiyar nan?"

Na ce ban sani ba. Na toshe bakina da hijabi.

Haushi ya sa ta shiga bubbuga wayar kamar mai kiɗan ƙwarya, sai kuwa ta faɗa cikin jerin waɗanda aka kira. Nan fa ta gyara zama, ta kasa kunne, tana shafawa a hankali. Baturiya ta ce Umma. Ta ce Kawu Sallau. Sai ta ce, "Rediyon Anguwa."

Anti Saude ta washe baki. "Yauwa! Na kama ta. Sunan ɓoyo ta sa masa. Bari in ji muryar ɗan banzan, ai duk samarin unguwar nan na san muryarsu."

Ta buga, ta buga. Kira ya tafi.

Sai ga waƙa na tashi daga cikin jakar Anti Saude.

Ta kalli jakar, ta kalli wayar hannunta, ta sake kallon jakar. Ni kam na zube bayan kujera, hawaye sharɓe-sharɓe. Ta rasa yadda za ta kashe, sai ta cusa wayar ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai, Baturiya kuma na ta surutu daga ƙasa.

Yaya ta shigo tana share ruwan fuskarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Saude, ɗaga mata ta sha iska mana."

"Rumasa'u, ni ce Rediyon Anguwa? Ni?"

"Au, ta faɗa miki? Ni dai ban faɗa ba."

Anti ta zaro wayar ta dangwarar mata a hannu. Yaya ta taɓa da yatsu biyu, tsit, shiru.

"Allah wadaran waya!" in ji Anti Saude tana ɗaura ɗankwali. "Waya sai shegen surutu, ba ta san sirri ba, ba ta san kunya ba. Ban taɓa ganin abu mai sakin baki irin wannan ba!"

Wayyo, ga Umma can tana ƙwala min kira, amma ku tsaya ku ji. Yaya ta sa wayar a aljihu, ko murmushi ba ta yi ba, ta ce:

"Ki yi mata adalci, Saude. Ita sai an taɓa ta take magana."