Hayaƙin Motar Sulke

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na durƙusa wa mai tallar nono a garejin Jimeta ba. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ce, muna Jihar Arewa maso Gabas, ni kuma sabon bakanike ne, takardar makarantar koyon sana'a na aljihuna, ina jin babu wayar lantarkin da ta fi ƙarfina.

Wata ranar damina aka jawo mana wata motar sulke ta soja da ta mace a hanya. Duk jikinta tabon harsashi ne, cikinta kuma wani irin wari yake, kamar na tsohon ɗakin da aka daɗe da rufewa. A goshinta akwai wasu gajerun bututai, uku a dama uku a hagu, an toshe bakinsu da roba. Ban san aikinsu ba, kuma ban tambaya ba (mai takarda ai ba ya tambaya).

Sojan da ya rako ta, Saje Bukar, mutumin Barno ne, ba ya yawan magana. Da shugaban garejinmu Bappa Hamman ya matsa masa, sai ya ce, "Mutum uku suka shiga motar nan ran nan. Ni kaɗai na fito." Ma'aikata suka fara zagaye ta daga nesa. Maigadi ya rantse yana jin ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga ciki. Ni kuwa na yi dariya, na ce a bar mini ita.

Washegari da hantsi aka kira su Bappa bakin kogi, wata babbar mota ta kafe a laka. Saje ya bi su. Kafin su fita Bappa ya ce, "Ka haɗa batir kawai. Kada ka taɓa kome a ciki, ka ji ko?" Na ce na ji.

Garin ya yi lumshi, hadari ya sauko ƙasa-ƙasa, ko tsuntsu ba ya kuka. Na haɗa batir, na zura jiki cikin motar. Duhu, ga zafi. A jikin kujerar direba wani ya kankare sunansa da ƙusa. Ina karantawa sai na ji ƙwas, ƙwas, a bayana. Na juya, ba kowa. Na miƙa hannu ina lalubar abin kunna fitila, na danna maɓallin farko da yatsana ya samu.

Wata ƙara ta daki motar har haƙorana suka haɗu. Da na leƙo da kai, garejin ya ɓace. Babu katanga, babu bishiyar darbejiya, babu sama. Farin hayaƙi ne kawai, mai kauri, yana tafiya a ƙasa a hankali kamar yana neman wani. Na diro ina tari, ban san ina ƙofa take ba.

Sai na ji ƙarar ƙarafa, cas, cas, tana matsowa. Wani dogon abu ya fito daga cikin hayaƙin, siriri, da ƙaton kai mai faɗi, ba fuska. Ya kira sunana da shaƙaƙƙiyar murya.

Jama'a, sai na zube a gwiwa, na ɗaga hannu biyu, na kurma ihu: "Ni ba soja ba ne! Bakanike ne! Wallahi ban je yaƙi ba, ku yi haƙuri!" (Na kuma karanto wata addu'a, wadda daga baya na gane ta cin abinci ce.)

Abin ya sauke kansa ya ajiye a ƙasa. Ƙwarya ce. Goggo Dudu ce, dattijuwar da ke kawo mana kindirmo daga unguwar Bako kowace safiya, awarwaronta ne ke kaɗawa. Tana tari tana hawaye ta ce, "Kai, yaro, wuta ne ya kama? Me kake roƙona?"

Haka su Bappa suka iske ni, don sun hango hayaƙin tun daga bakin kogi. Ciyawar bayan gareji ta kama wuta, sai da aka yi ta ɗibar ruwa. Saje ne ya yi mini bayani: bututan nan gwangwanin hayaƙi suke harbawa, don mota ta ɓuya wa abokan gaba ta tsere. Sannan ya tsaya yana kallon bakin bututan da suka yi baƙi, ya ce a hankali, "Amma ni da hannuna na kwashe gwangwanayen kafin mu taso." Har yau ban sani ba ko mantuwa ya yi.

Bappa ya roƙa mini aka bar ni a aiki. Goggo Dudu kuwa ta bi gidajen Jimeta da Yola tana sayar da nono tana ba da labarina kyauta, har da kwaikwayon murya. Shekara da shekaru sunana Ba-Soja-Ba.

Tun daga ranar, in ban san aikin maɓalli ba sai na tambaya. In kuma tsoro ya kama ni, nakan rufe bakina tukuna, in duba ko abin yana ɗauke da ƙwarya.