Kwana Tara Ba Ruwa Saboda Rumawa

Yau kwana tara babu ɗigon ruwa a gidanmu na haya da ke unguwar Suwaidi a Riyadh, bene mai hawa uku, iyali goma sha ɗaya. Bututun ruwa ne ya fashe a ƙarƙashin tsakar gida. Nafiou mai gyaran famfo ya duba, ya ce aikin wuni guda ne in an bar shi da diga da shebur. Ba a bar shi ba, don Allah ya azurta mu da masani.

Masanin nan shi ne Malam Jibirilla direba, wanda yanzu ba ya amsa sallama sai an ce Farfesa. Kuma ya cancanta. Bara kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, wani malamin jami'a, ya tafi da shi wata ƙasa, bakin teku, inda Turawa ke tone ganuwar wani sansanin sojan Rumawa na ƙarshen zamaninsu. Mako uku cur ya yi yana kai musu ruwan sanyi, yana gadin mota. Wanda ya ga ilimi kusa-kusa haka, ina za a haɗa shi da mai gyaran famfo?

Da Nafiou ya ɗaga diga, Farfesa ya dafe ƙirji. Wai ba a yi wa ƙasa haƙan jahilci, ana bin ta ne a hankali, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Mazan gidan suka ji kalma mai nauyi, suka gyaɗa kai. Farfesa ya kakkafa ƙusoshi, ya ja zare, ya yayyanka tsakar gida kamar alawar madara. Ya sa malafa da riga mai aljihu goma sha biyu. Kayan aikinsa cokalin miya, burushin fenti, da rariyar da matarsa Bilƙisu ke ta nema.

Kullum in ya taso daga aiki, daga la'asar zuwa magariba, yakan sauke ƙasa tsawon ɗan yatsa. Duk abin da ya fito a leda yake kwana, da lamba a jiki: murfin kwalba, ƙashin kaza, rabin silifa. Rahina ta hawa na uku ta gane ɓallin kaskon turarenta da ta zo da shi daga Damagaram. Ya ce mata tarihi ba aikin mata ba ne. Aikin mata shi ne hawa bene da jarka, ga Rahina da ciwon gwiwa, ga jaririn 'yarta ana wanke shi da ruwan gora.

Jiya Allah ya buɗa masa. Ya tarar da wata baƙar ƙasa mai danshi ta ratsa farar. Nan take ya tara maza a bayan zare.

"Jama'a, ku dubi launin nan," in ji shi. "Haka muka gani a bakin teku, ni da abokan aikina. Wannan gwalalo ne, ramin da ake zagaye ganuwa da shi don tare maharan da ke fitowa daga cikin ruwa."

Nafiou ya tambaye shi wane teku ne a Riyadh. Farfesa ya ce tekun ya janye, kuma binciken da ake yi ke nan. Sannan ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya shinshina, ya ɗora a harshe yadda ya ce ya ga wani Bature yana yi. Ya lumshe ido.

"Shekara dubu da ɗari shida, ba ƙari ba ragi."

Nafiou, Allah ya yi masa albarka, sai da ya jira ya haɗiye. Sannan ya ce bututun ruwa yana can bakin ƙofa, nan kuwa hanyar bututun bayan gida ce, da alama shi ma yana yoyo. Farfesa ya goge baki da malafa, ya ce ai Rumawa ma suna da bayan gida, a ci gaba da aiki.

To, wakilin mai gida da ku mazan da kuka gyaɗa kai, ku saurara. Gobe kafin azahar a tsinke zaren nan, a ba Nafiou digarsa. Har ruwa ya dawo, Farfesa ne zai riƙa hawa da jarkar Rahina. Kuma ko ruwan ya dawo, a ware masa kofinsa.