Mutumin da Ya Gano Ranar Lahadi

Tsoron ya fara kama ni ne wata Lahadi da la'asar, ina zaune a ɗakina na haya a birnin Utrecht, ruwan sama na tsiyaya a jikin taga. Na buɗe shafin intanet na kamfanin albasar Minderhoud don in kwafo adireshinsu in sa a takardar neman tallafinmu. Shafin ya fito fari fat, babu hoto, babu farashi, sai layi guda: "Yau ranar Ubangiji ce. A dawo gobe." Takardar da na daɗe ina rubutawa a kan abu ɗaya ta tsaya: motocin Minderhoud za su riƙa ɗaukar albasa ranar Lahadi. Ni kuma aikina a kan takardar ya tsaya. In tallafin ya fito, a sabunta kwantiragina. In bai fito ba, in tattara in koma gidan iyayena da sabon digirina a cikin kwali.

Amma rashin kunya ne in fara da kaina alhali ga babban mutum a tsaye.

Ƙasarmu Allah ya yi mata arzikin gadoji, kowane lungu da tasa. Duk cikinsu babu kamar Dokta Ewout Hoogerwerf, shugaban Cibiyar Hangen Gobe. Shi da bakinsa ya faɗa mana. "Ni ba shugaba ba ne," yakan ce, hannu a ƙirji. "Gada ce ni. Ta kaina ilimi ke tsallakawa zuwa kasuwa." Mu ma'aikatansa muka ga bai dace a bar irin wannan magana ta faɗi ƙasa ba, sai muka riƙa kiransa Gada a bayan idonsa.

Tawali'unsa ba ya misaltuwa. Ranar da na fara aiki ya ce mini, "Ewout kawai za ki ce, Tessel. Mu nan duk ɗaya muke." A makon ne aka kawo sabon allon ƙofarsa babu "Dokta" a jiki, ya mayar da shi ga masu bugawa a ranar. Keke yake hawa kamar kowa, sai dai nasa ba ya zama a rumfar kekuna. A cikin ofis yake jingine shi, daidai inda duk baƙon da ya shigo zai yi tuntuɓe da shi ya tambaya. Da rana yakan zauna cikinmu da burodinsa da cukunsa da kofin nono, don ya ji ra'ayoyinmu. Har yau bai ji ko ɗaya ba, domin bakin da ke taunawa shi ne ke jawabi.

Fanninsa jigilar kaya ne, yadda abu ke tashi daga gona ya isa hannun mai saye. A kan wannan ya yi lacca a manyan birane, an tafa masa. Cewa bai taɓa ɗaga buhu ba, bai taɓa leƙa rumbun ajiya ba, wannan maganar 'yan hassada ce. Gada ba ta sauka cikin ruwa.

Da hukumar bayar da tallafi ta yi shelar gasa ga masu son sa ƙirƙirarriyar basira cikin harkar jigilar kaya, Gada ya sayo kek tun kafin mu rubuta layi ɗaya. Sharaɗin gasar shi ne haɗin gwiwa. Ba a nema a kaɗaice. Dole a sami masu bincike, a kuma sami ɗan kasuwa na gaske mai kaya na gaske. Masu bincike ba wuya, akwai wani farfesa abokinsa mai na'urar da ke lissafin hanyoyi. Ɗan kasuwan kuma a wani bajekolin kayan gona Gada ya tsinto shi: Izak Minderhoud, dattijo daga yankin karkara na Zeeland, wanda albasarsa ke cika jiragen ruwa. Sun tsaya tare tsawon shan kofi ɗaya. Dattijon ya ce in na'urar za ta rage masa ruɓewar albasa, a sa sunansa. Gada ya dawo ofis ya sanar da mu cewa ya ƙulla zumuncin da tarihi zai tuna. Daga ranar bai sake kiran mutumin ba.

Aka ɗura wa na'urar bayanan hanyoyi da na tashar jiragen ruwa. Ta yi lissafinta, ta fito da sakamako: akwai rana guda a mako da tituna ke zama fayau, rumbuna na kulle, motocin Minderhoud na tsaye ba sa komai. In aka kwashe albasa a ranar, za ta riga ta kowa isa bakin jirgi.

Gada ya tara mu. Idanunsa har da ƙwalla.

"Jama'a, ku dubi abin da ya faru a ɗakin nan. Mutane sun yi ta kallon mako shekara da shekaru ba su ga komai ba. Yini guda cur, a zube, babu mai shi! Sai da hangen nesa ya haɗu da na'ura. Ba na son yabon kai, amma mun gano ranar Lahadi."

Muka tafa. Ni ma na tafa, har da zuciya ɗaya, domin a unguwarmu ranar Lahadi kanti a buɗe yake, kuma ban taɓa taka Zeeland ba. Na zauna na gina takardar gaba ɗaya a kan wannan gagarumin bincike. A shafin farko sunan Dokta ne kaɗai, da manyan baƙaƙe.

Washegarin ranar da na ga farin shafin, na roƙi ganinsa. Ya duba kalandarsa, wadda ko mahaifiyarsa sai ta bi layinta, ya yanka mini ɗan lokaci tsakanin taro da taro.

"Ewout, ina ganin mutanen nan ba sa aiki ranar Lahadi. Har shafinsu rufewa yake."

"Ai abin da muka gano ke nan, Tessel! Ba sa aiki. Shi ya sa za mu sa su."

"Ina nufin addini ne. Da mun kira Malam Izak mun tambaye shi."

Ya yi mini murmushin da ake yi wa mara lafiya. "Kin san abin da ke kashe sabon tunani? Tambaya. Da masu ƙera jirgin sama sun tsaya tambayar tsuntsaye, da har yau muna ƙasa. Izak ya riga ya danna amincewa, ko ba haka ba?"

Ya danna kam. Takarda mai kaurin bulo, a tsakiyar girbi. Wa zai karanta?

Aka kira mu birnin Hague don kwamiti ya yi mana tambayoyi, kuma ƙa'ida ce duk abokan haɗin gwiwa su zo. A nan na fara ganin Malam Izak: dogo, baƙar kwat, hula a kan gwiwa, yana tsotsar alawar na'ana'a. Gada ya nufe shi da hannuwa a buɗe zai rungume shi. Dattijon ya miƙo yatsu.

Gada ya yi jawabi. Gaskiya ya iya. Ya fara daga raƙuman fataken dā, ya biyo ta jiragen ruwan kakanninmu, ya sauko kan kansa. Sannan ya danna maɓalli, allo ya cika da hoton mota shaƙe da albasa a kan titi fayau, a samanta an rubuta LAHADI da harufa kamar ƙofar gari.

Na ji ƙaras. Malam Izak ne ya fasa alawarsa da haƙori.

Shugabar kwamitin, wata mai furfura da tabarau a ƙarshen hanci, ta juya gare shi. "Malam Minderhoud, motocin naka ne. Direbobinka sun yarda?"

"Da me, uwargida?"

"Da aikin Lahadi."

"Uwargida, ni ranar Lahadi ko keke ba na hawa. Da ƙafa nake zuwa coci. Dankalin da za mu ci ranar, tun Asabar matata ke fere shi. Yau na fara jin wannan zance."

Gada ya yi dariya mai taushi. "Abin da ɗan'uwana Izak ke nufi shi ne..."

"Ni ba ɗan'uwanka ba ne, saurayi. Sau ɗaya na gan ka, kai ka yi magana, ni na biya kofin."

Da wani ƙaramin mutum ne, da nan ya zauna. Ba Gada ba. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe tafukansa. "Jama'a, ƙasarmu ƙasar sulhu ce. Da zama a teburi muka kori teku muka samu ƙasar noma. Mu raba ranar biyu: safiya ta Ubangiji, yamma ta albasa."

"Da yamma akwai coci na biyu."

"To, motoci marasa direba! Babu hannun mutum, babu zunubi."

"Kakana ko dokinsa ba ya ɗaura wa amalanke ranar. Na'urar taka ma, in a gidana take, a kashe za ta yini."

Farfesa ya duƙa yana neman wani abu a jakarsa, bai ɗago ba har aka tashi. Shugabar ta cire tabarau. "Dokta, gasar nan ta haɗin gwiwa ce. Sau nawa kuka zauna da abokin haɗin gwiwarka?"

"A zahiri kaɗan ne. A zuciya kuwa, kullum."

"Wa ya rubuta sashen Lahadi?"

A nan karamcin Gada ya bayyana. Mutumin da bai taɓa raba yabo da kowa ba ya juyo, ya nuna ni da hannu biyu. "Tessel ce, haziƙarmu. Ni ina ba matasa dama su tashi da fikafikansu. Wani lokacin, kun sani, sukan faɗo."

Duk idanun teburin suka sauka a kaina.

Shugabar ta ce za su yi mana sassauci guda: mu gyara shirin, mu kawo sabuwar amincewar Malam Izak kafin kwamiti ya zauna yanke hukunci. In babu ita, takardarmu ta faɗi.

A baranda dattijon ya tsaya yana sa hula. Ya dube ni, ya miƙo mini alawa. "Ke kuma, 'yata, me ya kai ki hannun wannan?"

"Aiki, Baba."

"Hmm. Ki gaya masa in yana son magana ya zo Zeeland, ya ga albasa da idonsa, ya gaishe da mutane. Ban yi alkawarin komai ba."

A jirgin ƙasa na isar da saƙon. Gada yana kallon shanu ta taga, fuskarsa na sheƙi. "Kin ga yadda ɗakin ya yi tsit? Haka ake yi in an ji sabon abu. Mun girgiza su." Batun zuwa Zeeland kuwa, ya ce zamanin taka ƙafa ya wuce, za a yi taron gaggawa ta bidiyo. Da yake kalandarsa ta fi ƙarfin ɗan Adam, sai ya umarci na'ura ta zaɓo lokacin da kowa ba shi da komai. Ta duba, ta zaɓo. Kafin in ce uffan gayyata ta tafi.

"Abin mamaki, Tessel! Ranar nan kowa a sake yake. Har Izak."

Haka muka zauna ranar Lahadi da hantsi, ni da shi da farfesa, kowa a ɗan akwatinsa a kan allo. Akwati na huɗu baƙi ƙirin, da sunan Minderhoud a ƙasansa. Gada ya fuskanci baƙin akwatin ya yi masa jawabi mai ratsa jiki a kan amana da sauraron juna. Ya tsaya, ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Akwatin bai ce komai ba. Ya umarce ni in rubuta a rahoton taro cewa an cim ma matsaya ba tare da jayayya ba, ya kuma ce wannan shi ne zama mafi armashi da ya taɓa yi da Izak.

Da safiyar Litinin na kira kamfanin da kaina. 'Yar dattijon ce ta ɗauka. Ta ce Baba ya ga gayyatar, ya ga ranar da ke jikinta, ya ce zai yi tunani. Na sake rubuta shirin babu Lahadi a ciki, na aika masa. Kwamiti zai zauna mako mai zuwa, kwantiragina zai ƙare ƙarshen wata. Malam Izak bai amsa ba tukuna.